Maman Sultana Ta Zo Taro

Wani mutum ne a Zariya, Dakta Jafaru, shugaban ƙungiyar marubutan garin. In ya ce "adabi", sai ya lumshe ido kamar mai tsotsar zuma. A faɗarsa, duk ƙasar nan mutum uku ne suka iya rubutu, kuma biyu sun rasu.

Ana shirin babban taron shekara, inda marubuta za su karanta ayyukansu gaban baƙi. Sai wata marubuciya, Barira, ta ɗaga hannu. Ita a waya take rubuta labari, tana sakin shafi-shafi a zauren WhatsApp na mata zalla. Ta ce tana so a sa ta cikin masu karatu.

Dakta ya sauke tabarau zuwa kan hanci.

"Baiwar Allah, wace jami'a kika yi?"

"Sakandare na gama, ranka ya daɗe."

"To ai shi ke nan. Wannan hirar tsakar gida ce, ba adabi ba. Ni ko layi ɗaya ban taɓa karantawa ba, Allah ya kiyaye. Kawo mini mai hankali guda da ke bin labarinki, in ba ki fili."

"Akwai Maman Sultana," in ji Barira. "Ban taɓa ganin ta ba, amma kullum sai ta dame ni da saƙo. Ranar da na sa Nasir, jarumin labarin, a kurkuku, cewa ta yi ta kasa cin tuwo. Bari in kira ta."

Dakta ya dafe aljihu. Don a bar shi ya shiga zauren matan ne ya raɗa wa kansa suna Maman Sultana.

"Ba a waya a taro," ya ce da sauri.

Ina, ta riga ta danna.

Kirrr! daga aljihun babbar rigar Dakta.

"Ƙararrawar shan magani ce," in ji shi.

Barira ta katse, aljihu ya yi tsit. Ta sake dannawa. Kirrr!

Kowa ya zuba wa aljihun ido. Gumi na bin wuyan Dakta shar-shar. Barira ta rusuna har ƙasa, ta yi murya irin ta gaisuwar biki.

"Maman Sultana, ashe kina kusa. Ya yara? An ba ni filin?"

Dakta ya gyaɗa kai, idonsa a kan takalmi. Can ya ce ƙasa-ƙasa, "Amma dai Nasir zai fito, ko?"