Duro Biyu a Gidan Biki

Ba zan taɓa mantawa da Asabar ɗin bikin Rumasa'u ba. Na so in manta, Allah shi ne shaida, sai dai ina da dangi, kuma dangina ba sa barin mutum ya manta da irin wannan abu.

Daga gona abin ya samo asali. Ni ma'aikacin gwamnati ne, a Rijiyar Lemo nake zaune, amma ina da 'yar gona a wani ƙauye gaba da Dawanau. Na gina ɗaki ciki da falo, na haƙa burtsatse, na kuma kafa injin niƙa da mutanen ƙauyen ke kawo wa gero da masara. Injin nan dizal yake sha, wato abin da direbobin manyan motoci da masu injuna irina muke ce wa gas.

Da na ga farashi kullum sama yake yi, sai na ce ni ba za a yi da ni ba. Na sayi duro-duro na ƙarfe, na ciko su fal, na yi musu rumfar kwano a bayan ɗaki, nesa da inda mai gadi ke girki. Na ɗora su a kan katako don kada danshin ƙasa ya ci gindinsu, na ajiye bokitin yashi a gefe, na sa ƙofa da kwaɗo. Duk ƙarshen mako sai na je na zura sanda na ga inda man ya tsaya. In za a ɗiba, ni da kaina nake zuƙar tiyo da baki. (Kada ku tambaye ni ɗanɗanonsa. Na sani, kuma ba sau ɗaya ba.)

Matsalar ita ce na kasa yin shiru. A ofis maganar gas, a majalisa maganar gas. Akwai ranar da na je ta'aziyya na tsinci kaina ina yi wa ɗan mamaci bayanin yadda ruwa ke taruwa a gindin duro. Matata ta gaji, ta ce, "Don Allah Abban Hanifa, a yi wuni ɗaya a gidan nan ba a ambaci duro ba."

Wani abu kuma, ni ne auta a gidanmu. Furfura ta fito mini a gemu, 'ya'yana sun shiga sakandare, amma in an yi taron dangi har yanzu ni ake aika in sayo ruwan leda. Babbar yayata, Yaya Rabi, ba ta taɓa kirana da sunana ba, sai dai Auta. Na daɗe ina neman ranar da zan yi wani abu a ce, "Kai, ashe yaron nan ya girma."

Sai ga bikin Rumasa'u, 'yar Yaya Rabi, ya taso. Aka kira taro a babban gidanmu na Fagge don a raba hidima. Baffa Inuwa, ƙanin mahaifinmu, yana kan kujera, mu kuma muna kan tabarma. Matata ba ta nan, ta je Gwarzo duba mahaifiyarta. (Da tana nan, da wannan labari bai samu ba.) Ana ta maganar shinkafa da kujeru da rumfa, ni kuwa kaina na kan waya, ina duba yadda dizal ya kwana a gidajen mai. Can sai kunnena ya tsinci ƙarshen maganar Yaya:

"...sai gas kuma, shi ne ya tsaya mini a rai. Ya yi tsada, ga shi da yawa ake buƙata."

Ban san lokacin da na ajiye wayar ba. Na gyara zama, na gyara murya.

"Yaya, ku cire gas daga lissafi. Ku bar mini."

Kowa ya juyo. Yaya ta ce, "Auta, da yawa ne fa."

"Ko nawa ne. Jibge yake a gonata."

Baffa Inuwa ya ɗaga hannu ya sa mini albarka, doguwa, har da iyayenmu da ke kabari. Wata 'yar uwa ta rangaɗa guɗa. Ni kuwa na sunkuyar da kai irin na masu tawali'u, zuciyata tana rawa. A tunanina janareta za a ɗauko babba, na wajen taro. Ban tambaya ba. Mutumin da ake yi wa guɗa ba ya tsayawa tambaya.

Ana saura kwana biyu waya ta shigo. Maman Ebuka ce, mai girkin biki daga Sabon Gari. Haifaffiyar Kano ce, Hausarta ta fi tawa gishiri, kuma duk wani biki na gidanmu ita ke dafa shi.

"Alhaji, Hajiya Rabi ta ce kai ne mai gas."

"Ni ne, Madam."

"Manya nake so fa, ba ƙanana ba. Guda biyu, a cike."

"Nawa duk manya ne. Ƙato biyu ba sa ɗaga guda."

"Kai! To Allah ya ƙara buɗi. Kan yana da kyau dai ko? Ba na son mai yoyo."

"Ni da hannuna nake ɗaure su. Har tiyo zan haɗo miki."

"A'a, ina da tiyona. Ka dai kawo da sassafe."

Na ajiye waya ina jinjina mata. Na ce a raina, ka ga ci gaba, masu girki yanzu da janaretansu suke yawo, ga firiza ga injin markaɗe. (Kun ga yadda Allah ya aiko mini da dama ta ƙarshe, na yi mata godiya na sallame ta.)

Ranar Asabar ina idar da sallar asuba na saka farar shaddata ta ɗaurin aure, sabuwa dal, don ba na son in isa Fagge kamar ɗan dako. Na ɗauki shatar a-kori-kura muka nufi gona. Mutanen ƙauye suka kafa katako suka gangaro da duro biyu cikin mota. A hanyar dawowa muka faɗa wani rami, murfin ɗaya ya saki. Na hau baya da kaina na ɗaure shi, na sauko da taswirar dizal a gaban riga, daga ƙirji har gwiwa. Direba ya ce, "Alhaji, ko mu biya gida ka sauya?" Na ce a'a, ana jira na.

Lungunmu na Fagge mota ba ta shiga. Don haka a bakin titi aka sauke, na samu matasan unguwa suka riƙa mirgina duron nan, yana rugugi kamar hadari ya taso. Mutane suna leƙowa ta ƙofa. Ni ina gaba, ina cewa, "A hankali! A ba su hanya!" Muka ratsa zaure, na rafka sallama da muryar da ban taɓa yin irinta a gidan nan ba.

Tsakar gida cike da mata. An yanka nama an tara a manyan robobi, an wanke shinkafa, ana yankan albasa, ana gyaran kaji. A gefe guda ga Maman Ebuka ta ɗaure ɗankwali tamau, ta jera manyan murahunta na ƙarfe, an ɗora tukwane. Kowane murhu da tiyonsa yana reto, yana jiran abin da za a jona masa.

Na ga tiyon nan. Wallahi na gan shi. Amma ƙwaƙwalwata ta ƙi karɓar saƙon.

Matasa suka tayar da duro biyu tsaye a tsakiyar gida. Na dafa ɗaya, na ce, "Madam, ga alkawari."

Ta matso tana goge hannu. "Mene ne wannan, Alhaji? Man gyaɗa?"

"Gas ɗinki ne. Manya biyu, a cike."

Ta dube ni, ta dubi duro. Ta sunkuya ta shinshina murfin. Sai ta ja da baya ta ɗora hannu biyu a ka.

"Chineke! Hajiya! Hajiya, fito ki ga ƙaninki!"

Yaya Rabi ta fito daga ɗaki da lalle a hannu. "Lafiya? Auta, me zan gani haka?"

Maman Ebuka ta ɗago tiyon murhu ɗaya ta nuna mini. "Alhaji, don girman Allah, a ina zan jona wannan? Tukunyar gas na ce. Na girki!"

A nan ne saƙon ya iso. Wuƙaƙen yankan albasa duk suka tsaya. Na hango matata a bakin ƙofar ɗaki, ta ja mayafi ta rufe fuska, ta koma ciki a hankali kamar ba ta taɓa ganina ba.

Da na yi shiru a nan, da da sauran mutunci. Amma sai na ji bakina yana cewa, "To ai... ba asara. Sai a zuba a janareta."

Yaya ta ce, "Janaretan na fetur ne, Auta."

Akwai Gwaggo Asabe, yayar mahaifinmu, tsohuwa ce sosai, kunnenta ya yi nauyi. Tana zaune a kan tabarma tana ta raba ido. Ta ce, "Wai me yaron nan ya kawo ne?"

Aka ce, "Dizal ne, Gwaggo."

"Me?"

"Dizal!"

"Zabibi?"

Sai wata jikarta ta kafa baki a kunnenta ta kwarara ihun da na tabbata an ji shi har Kantin Kwari: "MAN TIRELA YA KAWO A DAFA SHINKAFA!"

Gidan ya fashe. Wata ta faɗi a kan buhun albasa. 'Yan matan amarya suka fito da gudu, har da ita Rumasa'u da ake ɓoyo, tana leƙe ta bayan labule kafaɗunta na rawa. Ni ina tsaye, hannuna har yanzu a kan duro, na rasa yadda ake cire shi.

Yaya kaɗai ba ta yi dariya ba, kuma ita ce ta fi ba ni tausayi. Dangin ango daga Katsina suke tafe, suna hanya, ga nama ɗanye, rana tana ɗagawa. Maman Ebuka ta kira mai gas ɗinta na Sabon Gari. Ya ce manyan tukwane duk sun fita, ranar Asabar ce, kowa biki yake yi. Ta kira wani, ya ce sai yamma. Na ga idon Yaya ya ciko.

Gwaggo Asabe ce ta buga sandarta a ƙasa. "Mu da aka yi namu bikin da tirela aka dafa? A kawo duwatsu a kafa murhu. Kai kuma, kwashe tsiyarka ka je ka sayo itace."

Ba a kunna wuta kusa da duron da ya yi yoyo, don haka sai da aka sake mirgina su waje, ta lungun nan dai, a gaban mutanen nan dai, sai dai wannan karon ba na cewa a ba da hanya. Aka barbaɗe tsakar gida da yashi da toka. Muka mayar da duro cikin a-kori-kura muka nufi Kwaciri wajen masu itace. Mai itacen ya leƙa bayan mota, ya dubi rigata, ya ce, "Alhaji, ga mai ga itace. Lafiya dai ko? Ba wani aka yi wa fushi ba?"

Ɗaurin aure na same shi da ƙyar. Na shiga sahu, sai na ga na dama ya matsa, na hagu ya matsa. Wani dattijo cikin dangin ango ya raɗa wa Baffa Inuwa, ina ji, "Wannan bakaniken naku ne?" Baffa ya ce, "Ɗanmu ne." Yadda ya faɗe ta, kamar mai amsa laifi a gaban alƙali.

Abinci bai sauka ba sai bayan la'asar. Baƙi sun sha lemo har sun gaji. Amma da aka zuba, sai ga mutanen Katsina suna santi, wai rabon da su ci dafa-duka mai ƙamshin itace irin wannan har sun manta. Maman Ebuka, idanunta jawur saboda hayaƙi, ta aiko a kira ni zaure. Na zo ina shirin shan faɗa. Sai ta miƙo mini faranti da cinyar kaza a kai.

"Ci, Alhaji. Kada ka ji tsoro, man gyaɗa na sa."

Na ba ta haƙuri, na ba Yaya haƙuri. Yaya ta yi kwana biyu ba ta ɗaga wayata ba. A na uku ta ɗaga, ta buɗe baki za ta yi faɗa, dariya ta ƙwace mata, har sai da ta kashe wayar. Yaran gidanmu kuwa tun daga ranar suka sauya mini suna, na koma Kawu Duro. Akwai ƙanana a cikinsu da suka ɗauka sunan yanka ne.

Da Rumasa'u ta haihu aka sake zaman raba hidimar suna. Na bar wayata a mota, na zauna na kasa kunne kamar ɗalibi. Da aka zo kan ruwa, na ɗaga hannu a hankali. Yaya ta dube ni ta saman tabarau.

"Na sha nake nufi, Auta. Ba na batir ba."

Baffa Inuwa ya ce, "A rubuta masa a takarda."

Darasin da na koya bai da tsawo. In ka ji ana neman abu a taro, kuma zuciyarka ta ce maka kai ne gwanin da ake jira, ka daure ka tambaya, "Wane iri?" Kalma biyu ce kacal, ba ta da nauyi. Na ɗauki abin da ya fi ta nauyi, har sau biyu, a lungu guda.