Yadda Za Ka Gyara Birkin Tsohuwar Boksi Kafin Azumi

Na yi karatun kanikanci a ƙasar da mota ke tsayawa idan an taka birki. Bi matakan nan, taka ma za ta tsaya. Tabbas. Ɗahiru na unguwar Kalakla shaida ne.

1. San dalilinka

Da azumi, dab da magariba, dattawa kan fito titi su miƙe rawani su tare matafiya, dole a sauka a sha ruwa. Bara Ɗahiru ya taka birkin Boksinsa, wato a-kori-kura, sau huɗu. Ta wuce da rawanin kawunsa Alu har kasuwa. Kawu da tsalle ya tsira. Tun ranar bai sake amsa gaisuwarsa ba.

2. Buɗe ganga

Cire taya, zare gangar birki. Kada ka hura ƙurar da baki, ta girme ka. Idan takalman ciki sun cinye, sauya na hagu da na dama tare. Mai sauya gefe ɗaya shi ke gaisawa da katangar mutane.

3. Matse

Juya haƙoran saiti har taya ta soma gogawa, sannan ka sassauta kaɗan. Haka ake da suruki ma.

4. Fitar da iska

Aikin mutum biyu ne. Ɗahiru yana ƙarƙashin mota, matarsa Hanadi tana matsa birki.

"Taka! Riƙe!"

"Abu Amna, ƙafata ta sage. Ka kai wa Kawu sabon rawani mana a huta."

"Na kai. Ya ce shi ba tsumma yake nema ba, tsayawa yake nema."

5. Gwada

Ranar farko ta azumi Ɗahiru ya doshi tabarmar buɗa-bakin Kawu, zuciya fes. Saura taku ɗari, maƙwabcin Kawu, Salahuddin, ya miƙe nasa rawanin. Ƙafa ta taka da kanta. Boksi ta tsaya cak, abin da ba ta yi ba shekara tara.

"Wallahi sai ka sauka, ya zol!" in ji Salahuddin, wato kai mutumin nan.

An rantse, ba yadda zai yi. Suka zaunar da shi gaban tuwon asida. Ya kai loma ta biyu ke nan, sai ga inuwa a kansa. Kawu ne, kai ba komai, rawani a hannu.

"Bara ka ce birki ne," in ji shi. "Bana fa?"

Gargaɗi

Ni birki nake gyarawa. A gaban wanda motarka ta tsaya, wannan tsakaninka da danginka ne. Kada a sa sunana cikin masu rakiya ban haƙuri.