Rasuwar Baƙa, Wadda Ta San Inda Hannun Baba Yake

Da zuciya cike fal da baƙin ciki, da goshi mai ɗinki, da haƙori guda da har yanzu ba a gano inda ya faɗa ba, Auta mai gyaran hoto yana sanar da 'yan'uwa da abokan arziki rasuwar abokiyar sana'arsa, kwamfutarsa da kowa ya sani da suna Baƙa. Ba ciwo ne ya ɗauke ta ba. Kashe ta aka yi da rana tsaka, a shagonsa na ƙarƙashin bene, kuma waɗanda suka kashe ta ciki ɗaya suka fito da shi.

Marigayiya gwanjo ce, da tsagewa a kusurwa ta zo hannunsa, amma ba ta taɓa ƙin aiki ba. A kawo tsohon hoton iyali, ya shigar da shi cikinta, su biyu su mai da shi tamkar zanen da aka yi da buroshi da fenti. Ta rage wa surukai tumbi. Ta buɗe idon wanda ya kifta. Ta taɓa cire tsohon miji daga hoton biki ta dasa tukunyar fure a gurbinsa, kuma har ta koma ba wanda ya ji a bakinta. In aiki ya yi nauyi sai ta ja numfashi, fuuuu, kamar tsohuwa a kan matakala, in ta kammala ta ce tilin. Auta ya rantse har yau yana jin tilin ɗin nan a kunnensa.

Sanadin ajalinta hoton Baba ne. Hoto ɗaya tak mahaifinsu ya bari a duniya, yana tsaye a ƙofar gida tsakanin manyan 'ya'yansa biyu, lokacin suna samari. Auta ya kwafe shi cikin Baƙa ya mayar wa Inna takardar, damina ta zo, rufi ya yi yoyo daidai kan akwatinta, takardar ta zama kunu. Daga nan fuskar Baba ba ta da sauran masauki sai cikin Baƙa.

Inna, wadda yanar ido ta fara rufe wa gani, abu ɗaya ta roƙa. “Auta, fuskar babanku ta fara guje mini. Ka fito min da ita babba, in gan ta tun idon bai gama rufewa ba.” Ya ce gobe, Inna. Goben nan ta yi ta haihuwar 'ya'ya.

Yayyensa kuwa ba su jira gobe ba. Yaya mai walda da Yaya direba sun daɗe ba sa ga-maciji, kowa na ganin shi ne ɗan gaban goshin Baba. Mai walda ya fara zuwa, ya rufe ƙofa da ƙirjinsa. “Kai Auta, ka dai tuna hannun Baba a kafaɗata yake a hoton nan. Ka fito da shi sosai.” Bai jima da fita ba direba ya leƙo. “Kar wancan ya ruɗe ka, yaro. Kafaɗata ce.”

Auta matsoraci ne a gaban manya, wannan ko shi ba ya musu. Sai ya yi zane biyu. Ya yanko hannun Baba ya ɗora a kafaɗar wannan, ya sake yankowa ya ɗora a ta wancan. Da aikin ya yi masa daɗi, ya ƙara da abin da ba a sa shi ba: ya goge tabon goshin Baba, ya cike kumatu, ya sumulce fuska. Abin da bai lissafa ba shi ne duka biyun za su kai nasu ɗakin Inna, su nemi ƙusa a bango ɗaya.

Da firam-firam a hammata suka afko shagon. “Buɗe mana na asali, munafuki!” Ya buɗe. Baƙa dai ba ta iya ƙarya ita kaɗai ba. Ga Baba nan fuska a murtuke, hannun dama ya murɗe kunnen direba, na hagu ya shaƙe wuyan rigar mai walda, su biyun leɓe a kumbure, don ko a safiyar ranar dambe suka yi.

Mai walda ya kwaɗa wa direba firam a ka, gilashi ya tarwatse. Direba ya rarumi Baƙa ya yi garkuwa da ita, gudumar da mai walda ya zaro ya nufi haƙarƙarinsa da ita ta sauka a tsakiyar fuskarta. Auta ya yi kukan kura ya shiga tsakani, gwiwar hannu ta tarbe shi a baki, kusurwar tebur ta ƙarasa goshin. Yana kwance cikin jini ya ga direba ya ɗaga Baƙa sama ya maka wa ɗan'uwansa a gadon baya, ta rabu gida biyu, suka bi ta kanta da takalma suna neman wuyan juna. Kalamanta na ƙarshe: ƙit, ƙit, ƙiiii. Da aka kai ta wurin mai gyaran kwamfuta, ya buɗe cikinta, ya girgiza ma'ajiyar hotunan kusa da kunnensa, ta yi ƙara kamar tsakuwa a gwangwani. Ya cire hula kawai.

Ta rasu ta bar caja mai ɗaurin salatif, da linzamin kwamfuta da ya tsira da rai a ƙarƙashin kujera, da firinta wadda tun ranar ba ta ce uffan ba. Ta kuma bar zane biyu na wani mutum mai santsin fuska.

Wanda bai yage sosai ba Auta ya kai wa Inna. Ta matso da shi har bakin hancinta, ta daɗe tana kallo. “Wannan kyakkyawan, baban wa ne? Naku yana da tabo a goshi, ni na wanke masa jinin.” Ta shafa hagu, ta shafa dama, yatsanta ya tsaya a tsakiya. “A wane gefe ma yake, Auta?” Shi da ya goge tabon da hannunsa, ashe shi ma ya manta gefen. Ya ce gara gudumar da wannan tambaya.

Za a yi jana'izar Baƙa bayan an kwance ɗinkin goshin mai ita, a tarin ƙarafan da ke bayan rumfar mai gyara. Ana roƙon yayyen biyu, in za su halarta, su bar kayan aikinsu a gida, su tsaya nesa da juna. Zaman makoki a ɗakin Inna ne. Ba a buƙatar kowa ya riƙo komai. Sai dai in akwai wanda ya san Baba, ya kuma tuna gefen da tabon yake, don Allah ya hanzarta ya zo ya faɗa mata.