Dattijo Ya Rasu a Saman Ƙofar Ofis

Da zuciyar da baƙin ciki ya cika ta har baki, da kuma haushin da bai ga dalilin ɓoyewa ba, malamin zane mai motsi na sashen koyon fasahar dijital yana sanar da ɗalibai, da tsofaffin ɗalibai, da duk wanda ya taɓa feƙe fensir a ajinsa, rasuwar akwatin haskensa, wanda aka fi sani da Dattijo. Ya rasu a rataye, a saman ƙofar ofishin shugaban sashe, yana aikin da ba nasa ba.

Ga waɗanda ba su san marigayin ba, musamman manyan sashe da suka yi shekaru suna wuce shi ba ko kallo: akwatin katako ne mai fuskar gilashi, da doguwar fitila a cikinsa. A bakin gilashin akwai wani siririn ƙarfe mai fegi uku a tsaye. Kowace takardar zane ana yi mata huji uku, a zura ta a fegin, a ɗora wata a kanta. Idan aka kunna fitila sai ɗalibi ya hango zanen ƙasa ta cikin na sama, ya ga inda ƙafa take ɗazu, ya san inda zai kai ta yanzu. Fegin nan su ke hana takarda gocewa. Malam ne ya haɗa akwatin da hannunsa tun yana ɗalibi, kuma babu ko ƙusa ɗaya ta sashe a jikinsa.

Marigayin ba mai garaje ba ne. Idan aka danna makunninsa sai ya ce tik, ya yi shiru, ya sake cewa tik tik, sannan ya ja doguwar zzzz kamar tsoho yana gyaran murya, haske ya kawo. Bai taɓa neman lambar sirri ba. Bai taɓa tsayawa ana tsakar aiki ya ce sai an sabunta shi ba, irin na kwamfutocin ɗakin gaba da ake yi wa shimfiɗa ana kunna wa sanyi. A fuskarsa ɗaliban shekarar farko suka koyi cewa ƙwallo idan ta bugi ƙasa bajewa take yi, idan ta tashi ta miƙe. A nan suka gane cewa mutum ba ya tsalle sai ya fara durƙusawa, kuma zane kusa da kusa tafiyar hankali ce, nesa da nesa gudu ne. Ya ga ƙwallayen da suka faɗo kamar dutse, ya ga waɗanda suka ƙi faɗowa sam, bai taɓa yi wa kowa dariya ba. Dariyar kam, malam ne ke yin ta a madadinsa.

Ya sha raini a rayuwarsa. Duk shekara sai an samu ɗan gayen da zai tsaya a kansa, hannu a aljihu, ya ce, "Malam, wai ba wata manhaja da za ta yi wannan da kanta?" Akwai ta mana. Irin su ne ke kawo fim a ƙarshen zango, mutum na tafiya ƙafafunsa na zamewa kamar an zuba sabulu a ƙasa, su kuma suna jiran tafi.

Amma akwai wadda ta san darajarsa. Ɗalibar shekarar ƙarshe ce, ƴan ajinsu na kiranta Kilina, wato abin goge fensir, saboda goge-gogenta ya fi zanenta yawa. Mahaifinta direban babbar mota ne, ciwon shanyewar ɓarin jiki ya kwantar da shi, yanzu ko kofi ya ɗauka sai hannun ya yi ta rawa. Babu wanda ya taɓa ɗaukar bidiyon tafiyarsa lokacin yana da lafiya, don wa ke ɗaukar tafiyar babansa? Sai ta ce ita fim ɗinta na kammala karatu shi ne wannan tafiyar, daga ƙwaƙwalwarta: yadda yake jefa kafaɗar dama gaba, hannu ɗaya a baya riƙe da makullai, da ɗan jinkirin da yake yi a bakin ƙofa kafin ya yi sallama. Zango guda tana sunkuye a kan Dattijo, tana zane tana gogewa, har takardun suka kai tsayin tafin hannu. Ta yi wa mahaifin alkawarin zai ga kansa yana tafiya. Abin da ya rage kawai a zura takardun a fegi ɗaya bayan ɗaya a ɗauke su hoto.

A wannan makon ne aka ce baƙi masu duba makarantu za su zo. Aka tura malam wani taron bita a kan sababbin dabarun koyarwa, inda ya wuni yana kallon mutum na karanta abin da ke jikin bango. Shi kuwa shugaban sashe, wanda iliminsa na zane ya tsaya a sa hannu, ya leƙa aji ya ga akwati mai haske, basira ta sauko masa. Ya sa aka kwance ƙarfen fegin don wai yana ɓata fuska, aka manna wa gilashin babbar takarda mai cewa barka da zuwa, aka rataye Dattijo a saman ƙofarsa, daidai ƙarƙashin na'urar sanyin nan da kowa ya san tana yoyo. Baƙi suka zo, suka ci, suka sha, suka tafi, ba wanda ya ɗaga kai. Aka bar shi a kunne har ƙarshen mako, ruwa na ɗiga a cikinsa. Mai shara da ke wurin ta shaida cewa ya ce tik, ya ce tik tik, ya ja zzzz ɗin da ta fi ta kullum tsawo, sannan ya ce fat, sai ƙauri.

Kilina ba ta yi kuka a gaban kowa ba. Ta shimfiɗa takardunta a kan tebur, tana daidaita su da ido, ta ɗauke su hoto duka. Da aka kunna fim ɗin malam na tsaye a bayanta. Mahaifinta ya fito, kafaɗa gaba, makullai a baya, shi ne sak. Sai dai da yake babu fegi, kowace takarda ta ɗan goce daga ƴar'uwarta, don haka mutumin da ke kan allo jikinsa rawa yake yi tun daga kai har ƙafa, irin rawar da yake yi yanzu a kan gado. Ta kashe allon ta ce, "Malam, ba zan kai masa wannan ba." 

Shugaban sashe ya yi ta'aziyya, a tsaye, waya a kunne. Ya ce, "Haba Malam, katako ne fa. Mu yanzu dijital muke." Malam ya karɓa da godiya, idonsa na kan bangon da ke bayan kujerar mai gaisuwar. A can aka ɗaure ƙarfen marigayin da noti biyu, fegi ɗaya na riƙe da hular shugaba, ɗaya makullan motarsa, ɗaya katin shaidarsa.

Marigayin ya rasu ya bar malam ɗaya, da abin huda takarda wanda yanzu bai san don wa yake huji ba, da tsofaffin ɗalibai masu yawa da ke cin abinci da kwamfuta amma har yau suna kaɗa yatsu kamar masu buɗe takarda. Ya kuma bar tagar aji ta gabas, wadda za ta gaje shi, don ita ma gilashi ce kuma rana na ba ta haske da safe.

Za a yi jana'iza gobe da hantsi. Za a taru a ajin zane, a ɗauko gawar, a bi da ita ta ofishin shugaban sashe, inda malam zai shiga da sukudireba ya karɓo ragowar jikin mamaci. Ana roƙon shugaba da ya riƙe hularsa a hannu, hakan ma girmamawa ce. Daga nan za a manna ƙarfen a jikin taga, Kilina ta zura takarda ta farko. Ba za a yi jawabi ba, kuma ba a buƙatar furanni. Mai son taimakawa ya zo ya riƙe kyamara kada ta motsa. Dole a gama kafin rana ta bar tagar, domin ƙanen yarinyar ya ce mahaifin nasu, da kullum sai ya tambaya, ya kwana biyu bai tambayi fim ɗin ba.