Shimfiɗar Hawainiya

A wani daji da ke bayan wani tsauni, inda tsuntsayen ƙasa suka fi na sama yawa, an taɓa yin wata majalisa mai son tsari fiye da komai. Shugabanta Gauraka ne, wanda tukkun kansa kaɗai ya ishe shi hujja a kowace muhawara. Wata damina majalisar ta yanke cewa ɓoye ƙwai a cikin ciyawa, kowace uwa inda ta ga dama, ƙauyanci ne. Aka samo kogo a gindin tsaunin, aka ce zabi da fakara da duk mai yin ƙwai a ƙasa ta kai nata can, ta kwanta a kai, in yunwa ta taso ta fita kiwo hankali kwance.

A bakin kogon aka zaunar da Inna Beguwa. Ƙayarta dai ba ta da na biyu, amma idonta ya daɗe da yin ritaya. Ba ta tambayar wane ne, kalmar ranar kawai take tambaya. Wanda ya faɗa daidai ta kauce masa, wanda ya kuskure ya tafi gida yana cire ƙaya.

Kalmar farko da majalisa ta zaɓa ita ce "buɗe". Ta biyu sunan Gauraka. Ta uku sunan Gauraka haɗe da kirarinsa. Ƙwai kuwa ya yi ta ɓacewa daga kogon kamar ana rabon sadaka, har Balbela, Ma'ajiyar Sirri, mai farar riga da ba ta taɓa sanin laka ba, ta miƙe da shawara.

"Ranka ya daɗe," in ji ta, "ciwonmu ɗaya ne: mu muke zaɓar kalmar, kuma kowa ya san abin da muke so. A nemo wadda ba a san yadda za ta wayi gari ba. Duk dajin nan wa zai iya rantsuwa a kan launin Hawainiya na gobe? A ɓoye ta a ramin tsohuwar kuka, a sa masu gadi. Kowace safiya in leƙa ta, launin da na tarar shi ne kalmar ranar, in raɗa wa iyaye mata a kunne. Ni ban zaɓa ba, kai ba ka zaɓa ba. Sa'a ce ta zaɓa, ita kuwa sa'a ba ta da ƙawa balle ta yi tsegumi."

Aka yi ta kaɗa fiffike. Aka kai Hawainiya ramin kuka da rakiya, aka kuma naɗa Gafiya ta riƙa kai mata sabuwar shimfiɗa kowace safiya, don bai dace babbar ma'aikaciya irin wannan ta kwanta a ƙasa ba.

Ƙwai bai fasa ɓacewa ba. Majalisa ta ce iyaye mata ne ba su iya lura da abinsu ba.

A cikin iyayen akwai wata zabuwa mai suna Tabawa, wadda in ta fara magana a bakin rafi ana jin ta a kan tsauni. Ba a son zama kusa da ita a taro, kuma gaskiya ba ta da daɗin sha'ani. Amma ƙwan da ta kai kogo shi ne na ƙarshe da za ta yi a wannan daminar, ga shi kullum ta dawo kiwo sai ta tarar ya ragu. In wannan ya ƙare, bana ba ta da ɗan tsako ko ɗaya. Abin ya ci mata rai ƙwarai, har ta daina surutu, ta koma kallo, kuma duk wanda ya san Tabawa ya san wannan ba alamar lafiya ba ce.

Abin da ta gani bai da wuyar gani. Kowane hantsi Guza yakan baje a kan wani falalen dutse da ke fuskantar hanyar kuka, ido a lumshe kamar mai lazimi. Gafiya ta wuce da kayan shimfiɗa a ka, ya buɗe ido ɗaya, ya mayar, sannan ya sauka ya yi hanyar kogo yana jan jela. Tabawa ta fara duban kayan ita ma. Ranar ɗanyen ganye Balbela ta raɗa mata "kore". Ranar busasshiyar ciyawa, "rawaya". Ranar da Gafiya ta yi ƙyuya ta kwaso jar ƙasa, kalmar ta zama "ja".

A zaman majalisa na gaba, tun Balbela ba ta fara zagayen raɗa ba, Tabawa ta tsaya a tsakiyar fili.

"Ranka ya daɗe, kada Ma'ajiya ta wahalar da wuyanta. Kalmar yau toka-toka ce, don na ga Gafiya da ɓawon itace. Ta gobe kuma ku tambayi Gafiya inda za ta yi yanka. Kun sa gadi a kan Hawainiya, kun bar shimfiɗarta tana yawo a kan hanya da rana tsaka. Ko da makaho ne ma, launuka nawa ne duka? Wanda ya yi haƙurin cire ƙaya sau biyu, a na uku zai ci ƙwai. Ni ba sirrinku na sata ba. Ba ku da sirrin da za a sata. Ƙwaina nake nema, kuma ba zan yi shiru a cinye min shi da sunan tsari ba."

Balbela ta duba rigarta kamar an watsa mata wani abu, ta ce wannan cin amanar daji ne, kuma dole a binciki wanda ya kwarmata wa zabuwa. Domin a wanke tsarin, aka aika a ɗauko Hawainiya ta ba da shaida. Ta iso a hankali, ƙafa ɗaya gaba kamar za ta fasa, ta hau kan farar tabarmar shaidu, kafin ta gama gaisuwa ta fara yin fari.

"Ranka ya daɗe," ta ce, "ni tun da aka haife ni ban taɓa zaɓar launi ba. Abin da aka shimfiɗa min shi nake zama. Na ɗauka kun sani. Da an tambaye ni da na faɗa, to, ba a tambaye ni ba, abinci kawai ake kawo min."

Gauraka ya gyara tukku, ya yi dogon nazari, sannan ya yanke hukunci. Shaidar Hawainiya, in ji shi, ta shafi tsaron daji, saboda haka ita kanta sirri ce, kuma a ɗauka ba a ji ta ba. Tabawa kuwa, tunda bakinta ba ya riƙe magana, daga yau an haramta a raɗa mata kalmar ranar har damina ta wuce. Kowa ya gane abin da hakan ke nufi. Ƙwanta na cikin kogo, ita tana waje, sanyi zai kashe wanda Guza ya rage. Wasu fakara suka sunkuyar da kai don tausayi.

Tabawa ba ta roƙi kowa ba. Washegari da hantsi ta tsaya a bakin hanya, Gafiya ta wuce da ɗanyen ganyen marke, ita kuma ta miƙe sai bakin kogo.

"Kalma," in ji Inna Beguwa.

"Kore, Inna."

Beguwa ta kauce. Tabawa na shirin shiga ta ji motsi a bayanta. Guza ne a layi, cikin ladabi, ya ja da baya ya ce ta shiga, ai ta riga shi zuwa.

Ta mirgino ƙwanta waje da baki, ɗaya bayan ɗaya, a gaban Balbela da ta sheƙo a guje tana cewa an karya doka. Tabawa ta tambaye ta wace doka, tunda an hana a faɗa mata ne, kuma ba a faɗa mata ba. Balbela ta nemi sanin inda za ta kai su, don a sa cikin tsari.

"Ni kaina ban sani ba," in ji Tabawa. "Zan saki gashina in bi inda iska ta kai shi. In na ga fara ta yi tsalle in juya inda ta faɗa. Inda na gaji, nan ne. Ki je ki gaya wa Guza, in ya iya karanta wannan ya zo mu gaisa."

Hanyar ba ta yi mata da sauƙi ba. Ɗaya ya fashe a kan dutse, ta tsaya a kansa ta yi kukanta, sannan ta ci gaba. Sauran ta kwanta a kansu a wani wuri da har yau ba wanda zai iya nuna maka. Da kaka ta yi sai ga ta ta ratsa gaban majalisa da 'yan tsakinta a baya, suna surutu irin na uwarsu, ba ta ko waiwayi tukkun Gauraka ba.

Majalisa dai ba ta zauna haka nan ba. Bayan zama mai tsawo ta amince cewa hawainiya ɗaya ta yi kaɗan ga daji mai girma irin wannan. Aka nemo ta biyu, aka kwantar da ita kusa da ta farko a kan shimfiɗa ɗaya, aka sanar cewa tsaro ya ninka.

An ce Guza bai ji daɗin wannan gyara ba ko kaɗan, don yanzu sai ya faɗi kalmar sau biyu.