Shayin da Ya Kusa Rushe Binciken Ciwon Suga

Ko na manta ranar da na kama aiki, ba zan manta safiyar da digon jini ɗaya ya tona mini asiri a gaban rabin unguwarmu ba.

Ni malamin kimiyya ne a wata sakandare a Talata Mafara. A bara wasu likitoci daga wata jami'a suka zo binciken ciwon suga, suna son gano yadda yake bin dangi. Don haka gida-gida suke ɗauka: uwa, uba, 'ya'ya, kowa a gwada shi. Suna neman ɗan gari mai baki da zai yi wa mutane bayani, aka nuna ni. (Gaskiya ba a nuna ni ba, ni na tura kaina.)

Sharaɗin guda ɗaya ne. Ranar gwaji kada a ci komai, kada a sha komai sai ruwa, har a ɗauki jini. Sati biyu ina bin masallatai da majalisu ina maimaita wannan magana har muryata ta dushe. Ka gama bayani tsaf, sai wani ya ɗaga hannu ya ce to fura fa? Ka ce ban da fura. Wani ya ce koko ai ruwa ne. Har mahaifiyata na sa ta taso daga Bakura da sassafe, da cikinta wayam, don gidanmu ya zama abin koyi.

To ni a lissafina ba na cikin waɗanda za a gwada ran nan, aikina tsara layi. Shi ya sa bayan asuba na biya teburin Sani mai shayi, na sha kofi biyu masu kauri, madara har da ƙari, suga cokali huɗu-huɗu, na bi da rabin burodi. Sani, wanda shi ma sunansa na cikin takarda, yana zuba mini yana haɗiyar yawu.

Da na isa ƙaramin asibitin da za a yi gwajin, layi ya kai bakin ƙofa. Ina dubawa sai na hango Baba Ɗanjumma, wani tsohon manomin shinkafa, yana tauna goro hankali kwance. Raina ya ɓaci.

"Baba, mi munka ce da ku jiya?"

"Malam, goro na fa. Goro abinci na?"

Nan na buɗe baki na yi masa lacca, dattijon da ya girmi mahaifina. Na ce sakacin mutum ɗaya yana iya ɓata aikin mutum ɗari. Kuma don in ƙara wa maganar nauyi, sai na ji bakina ya ce, "Ni nan da kuke gani, ko ruwa ban sa ma cikina ba tun jiya." Har yau ban san abin da ya kai ni ba. Babu wanda ya tambaye ni.

Aka fito da kayan aiki, sai layi ya tsaya cik. Kowa na kallon 'yar allurar da ake huda yatsa, ana ƙus-ƙus cewa ba a san inda za a kai jinin ba. Shugabar tawagar, Dakta Rabi, ta juyo gare ni.

"Malam, tunda kai ma ba ka karya ba, mu fara da kai mana, hankalinsu ya kwanta."

A nan ne mai hankali zai ja ta gefe ya faɗa mata gaskiya. Ni kuwa sai na naɗe hannun riga, har na ce a fito da tebur baranda kowa ya gani. (Ina ta ba kaina haƙuri cewa shayin ai ya daɗe da narkewa. Malamin kimiyya ke nan.)

Aka huda, aka ɗiga jinin a na'ura. Dakta Rabi ta duba, ta sake dubawa, ta sa aka canza tsinken gwajin aka maimaita. Sannan ta rage murya.

"Ka tabbata ba ka ci komai ba?"

"Ko kaɗan, likita."

"To sugan ya hau sosai ga wanda bai ci abinci ba. Akwai mai ciwon a gidanku?"

Duk da ta yi a hankali, Inna tana bayana, ta ji. Ƙanenta ciwon suga ne ya yi ajalinsa bayan an yanke masa ƙafa, kuma ita ta yi jinyarsa. Sai kawai ta zauna a ƙasa ta rufe fuska da mayafi tana salati. "Ɗan nan, ashe abin da kake ɗauke da shi ke nan ba ka hwaɗi ba?"

Kafin in yi magana, labari ya kai ƙarshen layi, kuma ya kai a karkace: Malam ya zo lafiya lau, na'ura ta sa masa ciwo. Mata suka fara goya 'ya'yansu, maza suka fara neman takalma. Aikin sati biyu yana watsewa a gabana, uwata tana kuka, ni kuma ina riƙe da auduga a yatsa ina lissafin wace kunyar ce ta fi sauƙi.

Ban kai ga yanke shawara ba Sani mai shayi ya matso, da ladabinsa, shi a dole taimako zai yi.

"Likita, ko dai shayin ne? Don kohi biyu yas sha wurina, da rabin burodi, kuma shi Malam ba ya son suga kaɗan."

Inna ta sauke mayafi ta dube ni, irin kallon da rabona da shi tun ina firamare. Dakta Rabi ta ɗauki biro ta ja layi a kan takardata daga sama har ƙasa. Wanda ya fara magana Baba Ɗanjumma ne.

"Malam, shi burodin da shayin, ruwa na ko goro?"

Dariyar da aka yi ita ta ceci binciken, don waɗanda suka kai ƙofa sun dawo jin abin da ya faru, daga nan suka koma layi. Ni kuma aka karɓe mini aikin bayani, aka ba ni rabon auduga.

Washegari na dawo da yunwa ta gaskiya, Inna na tsare da ni tun daga gida kamar fursuna. Sakamako ya fito lafiya lau. Ta ce ba ta yarda ba, wanda ya yi ƙarya jiya na'ura ma zai iya yi wa wayo. Har yanzu in na je Bakura, shayina ba suga.

Abin da na koya? In an ba ka aikin hana mutane cin abinci, ka hana su ka yi shiru. Ba sai ka ba da misali da kanka ba.