Addu'ar Da Ta Kori Malam Yohanna

Duk mantuwata, kuma iyalina shaida ne ina da ita, ba zan taɓa mantawa da ranar da aka tura ni Kazaure in yi magana da yawun ma'aikata ba. Har yau idan na tuna sai in ji gumi yana tsattsafo mini a bayan wuya, ko da kuwa a tsakiyar sanyi ne.

Lokacin soja ne ke mulki, kuɗin man fetur ya fara shigowa ƙasa. Kullum rediyo sai maganar ƙarin albashi da sababbin hanyoyi, mu kuwa ƙananan ma'aikatan karkara sai dai mu ji ƙamshi daga nesa. Ni malamin firamare ne a Roni, ina koyar da addini da Larabci, ban daɗe da aure ba. Ina da wani aiki na biyu da ba a biyana: ni nake rufe taro da addu'a. Taron iyayen yara ne, ko na malamai, ko na gyaran rijiya, liman ne zai buɗe, ni in rufe. Haka aka saba, har ta kai da zarar mutane sun ga na gyara zama sai su fara lalubar takalmansu.

Wanda ya kawo mana maganar ƙungiya shi ne Malam Yohanna, malamin asibitin sha-ka-tafi na garinmu. Kirista ne daga kudu da mu, amma ya daɗe a Roni har 'ya'yansa ba su jin wani yare sai Hausa, kuma da wuya ka sami gidan da bai taɓa shiga da jakar maganinsa ba. Shi yake ce mana tsinken tsintsiya ɗaya ba ya shara. Ya ce malamai da ma'aikatan asibiti da malaman gona mu haɗa kai, mu riƙa zama da hukumar da ke ɗaukarmu aiki a teburi ɗaya, a yi ciniki a kan albashi da ƙarin girma kamar yadda ake yi a birni.

Manyanmu ba su ga haka ba. A wurinsu ma'aikaci ɗa ne. Idan yana da kuka, ya je zauren na gaba da shi shi kaɗai, ya durƙusa, ya roƙa. Amma a ce yara sun yi gungu suna neman kujera a gaban iyayensu, wannan tawaye ne, kuma ga soja an ce sun hana yajin aiki. Ba a ɗau lokaci ba aka dakatar da Malam Yohanna, aka ce korarsa za a yi. Mu kuma muka ajiye alli da allura, muka zauna a gida. Da abin ya fara tsami sai aka aiko cewa wani kwamiti zai saurare mu a Kazaure, zama ɗaya tak, daga nan a yanke hukunci a kan Malam Yohanna. Ko a mayar da shi bakin aikinsa, ko ya kwashe iyalinsa.

To, ga inda bakina ya ja mini. A tarukan da muke yi a gindin wata tsamiya bayan gidansa, babu wanda ya kai ni zaƙewa. Nakan miƙe in naɗe hannun riga in ce ko gaban gwamna ne zan faɗi gaskiya, ai ba a mutuwa sau biyu. (Ban taɓa ganin gwamna ba, ko a hoto mai kyau.) Da aka zo zaɓen wanda zai yi magana, tunda an hana Malam Yohanna shiga, sai na ga duk idanu sun juyo kaina. Hausawa sun yi gaskiya, baki shi ke yanka wuya.

Malam Yohanna ya ja ni gefe ya ce, "Malam, abin ba wuya. Kada ka cire takalmi, kada ka zauna a ƙasa. Kujera za ka hau kamar yadda suka hau. Ka ce musu a mayar da ni aiki, kuma a yarda a riƙa zama da mu. In ka faɗi wannan, ko sun ƙi, an dai ji."

Na ce, "Haba Malam Yohanna, ka kwantar da hankalinka. Ka ɗauka an gama."

A gaskiya tun daga ranar abinci ya daina wuce mini. Jita-jita ta cika gari cewa a birni an kwashe wasu shugabannin ma'aikata a mota, har yau iyalansu ba su san inda suke ba. Ko gaskiya ne ko ƙarya oho, ni dai na yarda da kowace kalma. Sannan ana gobe tafiya uwargida ta kawo mini abin da ya ƙarasa ni. Ta ajiye kwano ta ce, "Malam, ka kuwa san wanda zai shugabanci kwamitin nan? Baffa Alhaji ne fa." Baffa Alhaji yayan mahaifinta ne, shi ya riƙe ta, shi ya ba ni aurenta. Mutumin da ko a hanya na hango shi nake sauka daga kan keke. Ta dube ni ta ce, "Yanzu Baffa za ka je ka ɗaga wa murya?"

Da safe muka hau motar kasuwa ni da Malam Ɗanladi, wani malamin gona daga Gwiwa da aka haɗa ni da shi don ya zama shaida. Duk hanya yana ta ba ni ƙarfin gwiwa, ni kuwa ina kallon duwatsun Kazaure ina tunanin wanne ne zai fi daɗin ɓuya. Muna isa sai ga motar 'yan sanda a ƙofar ofishin, bayanta a buɗe, wasu kurata suna zaune a inuwa suna juya kulake. Ɗayansu ya bi mu da ido har muka shige. Na rantse a raina ni yake aunawa, yana duba ko zan shiga motar ba sai an lanƙwasa ni ba.

Maganar takalmi kuwa ba ta kai ko'ina ba. Ban san lokacin da ƙafafuna suka yanke wa kansu shawara ba, na dai tsinci kaina a tsakiyar ɗaki da safa, ɗaya ma ta huje a babban yatsa. Ga dogon teburi, ga dattawa jere da manyan riguna, Baffa Alhaji a tsakiya. A gefensa wani matashin hafsan soja yana zaune, ya ajiye hularsa da sandarsa a kan teburin, ba ya murmushi. Gwiwoyina suka nufi ƙasa, Malam Ɗanladi ya riƙo rigata ta baya ya cusa ni a kujera. Na ɗosana a bakinta kamar wanda ya zauna a kan ƙaya.

Baffa Alhaji ya dube ni ta saman tabarau, ya ce, "To, madalla. Tunda Allah ya kawo mana malami a cikinmu, sai ya buɗe mana da addu'a."

Wallahi wani sanyi na ji. Ga abu ɗaya a ɗakin nan da na iya, wanda ba a kama mutum a kansa. Na ɗaga hannuwa, na rufe ido, na yi salati. Sai na lura muddin ina addu'a babu wanda zai ce in fara bayani, don haka na yi ta ja. Na roƙa wa ƙasa zaman lafiya, na roƙa wa damina albarka, na roƙa wa shugabanni tsawon rai, na bi matattu na bi masu rai. Zuciyata tana can tana lissafin motar da ke waje, harshena kuwa da ya ga babu mai riƙe da linzami sai ya kama hanyar da ya saba bi shekara da shekaru.

Na ji kaina ina cewa, "Allah ya sa yadda muka taru lafiya mu tashi lafiya. Abin da aka tattauna Allah ya sa shi ne mafi alheri. Wanda aka ɓata wa ya yi haƙuri, mun yafe wa juna duniya da lahira. Allah ya ba mu ikon yi wa na gaba biyayya."

Amin ɗin da ke fitowa daga ɓangaren dattawa sai ƙara ƙarfi take yi, ni kuwa har wani daɗi nake ji, ina cewa a raina ashe mutanen nan suna da sauƙin kai. Malam Ɗanladi ya taka mini ƙafa da takalminsa mai ƙarfi, daidai kan yatsan da ke waje. Na ɗauka shi ma rawar jiki yake yi, na ma tausaya masa. Na ƙarasa da murya mai daɗi, "Allah ya mai da kowa gidansa lafiya, ya sa mu iske iyalanmu lafiya. Fatiha."

Kowa ya shafa. Na buɗe ido.

Malam Ɗanladi yana kallona baki buɗe, tafin hannunsa bai ma gama sauka daga fuskarsa ba. A nan ne abin da na yi ya faɗo mini a ka. An ce in buɗe taro, na rufe shi.

Hafsan sojan ya duba agogonsa, ya tambaya cikin gurguwar Hausa, "An gama ne?"

Baffa Alhaji, wanda ya yi shekaru yana sasanta rigingimun gona da na gado, bai bar damar ta wuce ba. Ya ce, "An gama, ranka ya daɗe. Ka ji da kunnenka. Wakilinsu ya ce sun yafe, sun yi haƙuri, za su yi biyayya. Wannan ita ce tarbiyya." Ya fara tattara babbar rigarsa.

Malam Ɗanladi ya yi wuf ya miƙe. "Allah ya ba ka nasara, ai ba mu fara ba! Maganar Malam Yohanna fa?"

"Malam Ɗanladi," in ji Baffa Alhaji a hankali, "na ga ka shafa ko ban gani ba? A garinku ana tayar da magana bayan an shafa fatiha?"

Malam Ɗanladi ya koma ya zauna. A wurinmu abin da aka shafa wa fatiha ya mutu, ko aure ne ko sulhu ko ciniki, kuma duk wanda ya tono shi shi ne mara kunya. Amma da a nan abin ya tsaya, da na ce kuskuren harshe ne, na sami inda zan laɓe. Sai dattijon ya juyo gare ni. Har yau ina ganin a idonsa ya ba ni ƙofa da gaske, don mutum ne mai son a ce ya yi adalci. Ya ce, "Ko akwai saura, ɗana?"

Na dubi sandar da ke kan teburi. Na dubi surukina. Na tuna motar da ke waje da bayanta a buɗe. Duk jawabin da na yi ta yi wa tsamiya ya tsere ya bar ni.

Na ce, "Babu, Baffa."

Ban san yadda na fito ba. Sai da muka kai bakin titi wani ɗan sanda ya biyo ni da gudu yana kira, na tsaya cak na miƙa masa hannuwana biyu, na ce shi ke nan ta faru ta ƙare. Ashe takalmana ya kawo mini. A motar komawa Roni, Malam Ɗanladi ya zaɓi ya zauna kusa da akuya.

Kafin la'asar labari ya riga ya isa ko'ina, har Babura, cewa ƙungiya ta tuba a gaban hukuma. Washegari mutane suka fara sulalewa suna komawa aiki ɗaya bayan ɗaya, kowa yana tsoron a ce shi ne ya rage. Ba a jima ba aka tabbatar da korar Malam Yohanna. Babu wanda ya zage ni, kuma da sun zage ni da ya fi mini sauƙi. Sai dai in na doso majalisa a yi shiru, wani ya ce a hankali, "A gyara, ga mai fatiha nan."

Ranar da zai tashi, rabin gari ya fito. Na je, amma na maƙale a bayan mota ina ta ɗora kaya, tukwane da katifu da keken ɗinkin matarsa, don kada mu haɗa ido. Sai da aka gama ɗaure komai na ji muryarsa.

"Malam! Ina Malam yake? Fito mana."

Na fito kamar ɓarawon da aka kama a rumbu.

Ya ce, "Zo ka yi mana addu'a. Ta tashi dai, ai kai ne gwaninta."

Mutane suka fashe da dariya, shi ma yana yi, har da riƙe ciki. Amma sai na ga ya cire hularsa ya sunkuyar da kai, 'ya'yansa suka buɗe tafukan hannu yadda suka ga maƙwabta suna yi tun suna goye. Da gaske yake. Na ɗaga hannu na fara, na lallaɓa har na iso inda na saba ƙarewa.

"Allah ya mai da kowa gidansa lafiya."

Malam Yohanna ya ce, "Amin, Malam." Ya ɗago ya dubi ƙofar da aka riga aka sa wa kwaɗo. "Sai dai ni nan ne gidan."

Ban iya kai addu'ar ƙarshe ba, wani ne ya ja fatihar.

Na yi shekaru bayan nan ina koyarwa, na ga lokacin da ƙungiyoyi suka yi ƙarfi har ana zama da su a teburi ana buga shi, da takalmi a ƙafar kowa. An sha neman in riƙe muƙami, nakan ce a kai kasuwa. Abin da na koya ba shi da yawa: idan za ku tura wakili gaban manya, kada ku duba wanda ya fi ƙara a inda babu kowa, ku fara tambayar wa ya ba shi mata. Ni kuma har gobe, duk taron da aka ce in yi addu'a, sai na tsaya na tambaya da babbar murya, "Ta buɗewa ko ta rufewa?" Yara suna dariya, suna cewa tsufa ne ya kama ni, ni kuwa ban taɓa gyara musu ba.